Waƙar gyaran hali da ke tsallake ƙofar masu ƙarfi

A Damagaram ba a rasa mawaƙa masu kukan lalacewar zamani. A rediyo, a WhatsApp, a taron ɗalibai, baitoci sai ƙaruwa suke yi a kan yadda tarbiyya ta zube a Mirriya, Magarya, Matamaye da Kance. Ɓarna kam akwai ta. Abin da ke damuna shi ne wanda ake nuna wa yatsa: kusan kullum bazawara ce, ko yarinya mai talla, ko saurayin da ke kwana a fada, wato majalisar hirar samari, yana haɗiyar tiramol. Mai rumbu da mai hatimi kuwa da wuya su shiga baiti.

A dubi bashin hatsi a ƙauye. Watan Agusta ya kama, rumbu wayam, gero bai nuna ba, ga yara suna kallon tukunya. Magidanci ya je wurin mai hali ya auno 'yan tiyoyi, bisa sharaɗin in kaka ta yi zai mayar da ninkinsu. Idan damina ta yi gardama sai a jinginar da gona. Kafin a ankara gonar gado ta zama ta wani, har da takarda da shaidu. Wanda ya karɓe ta yana sahun gaba a masallaci, kowa na "Alhaji, barka da asuba". Ɗan wanda aka karɓe wa gonar ya shigo Zinder neman abin yi, ya faɗa hannun ƙungiyoyin 'yan daba na unguwanni irin su Kara-Kara. Uwar kuma ta goya ƙaramin, ta ja hannun babban, ta nufi Aljeriya bara.

A watan Oktoban 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Da yawansu daga yankin Kance suka fito. Mawaƙin da zai yi wa irin waɗannan mata gorin bara, bai ce uffan a kan abin da ya fitar da su daga ɗakunansu ba, wallahi ya zalunce su karo na biyu.

Na san uzurin da za a kawo, kuma ba ƙarami ba ne. A ƙaramin gari kowa ya san kowa. Mutumin da za ka taɓa wataƙila surukin yayanka ne, wataƙila shi ya biya kuɗin maganin mahaifiyarka bara. Baki shi ke yanka wuya. Akwai kuma haɗarin ƙazafi, domin waƙa tana saurin yaɗuwa, kuma sunan da ta ɓata ba ya wankuwa da sauƙi. Amma ai ba yau muka fara waƙa ba. Me ya sa muke da habaici? Ana iya siffanta tauye mudu, da ɓoye hatsi sai ya yi tsada, da shari'ar da ake kammalawa a zaure tun kafin a zauna, ba tare da an kama sunan kowa ba, kuma mai abin zai ji a jikinsa. Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, a littafinsa Kitabul Farƙi, da ya tashi lissafa ɓarnar zamaninsa, ya sa harajin zalunci da cin hancin masu mulki a ciki, bai tsaya kan talaka ba.

Masu shirya filin adabi a gidajen rediyon Zinder su ma da nasu kason. Waƙar da ke yi wa 'yan mata faɗa ba ta jawo wa kowa kiran waya daga sama, shi ya sa ake maimaita ta. Ina roƙonsu su nemi matasan da ke rubutu a kan gona da awo da bashi, su ba su fili daidai da na sauran, a lokacin da manoma ke gida suna saurare.