Haka Kamfani Suka Yi Ta

Alhaji: Salamu alaikum. Oga, duba min cajar batirin nan. Jiya lafiya lau, yau da safe ta yi gum.

Oga: Wa alaikumus salam, Alhaji. An buɗe ta ne?

Alhaji: Wa zai buɗe? Ni ko kallonta ba na yi.

Oga: To ramin kusa huɗu nake gani a murfi, kusa biyu.

Alhaji: Haka kamfani suka yi ta.

Tanko: Oga, ƙauri nake ji. Taransifoma ce ta ƙone, a canza kawai!

Oga: Kai ko agogon bango aka kawo, taransifoma za ka ce. Ita wuta bin sawunta ake yi, daga inda ta shigo har inda ta ɓace. Jona filogi, ka janye yatsunka daga ɓangaren wutar soket. Ɗora mita a wayoyi biyun da suka fito daga taransifoma. Nawa?

Tanko: Volt 15.

Oga: Ka ga wadda ka yanke wa hukunci tana nan da ranta. Ba ta haƙuri.

Tanko: Allah Ya huci zuciyarki.

Oga: Matsa gaba. Dayod huɗun nan su ke miƙar da wuta ta bi hanya ɗaya, kafasita ta tara ta. Juya mita zuwa DC, wato ma'aunin wuta mai bin hanya ɗaya, ka auna ƙafafun kafasita.

Tanko: Kusan 20. Oga, an shiga da 15 an fito da 20! Riba ke nan?

Alhaji: In riba ce, tawa ce.

Oga: Babu riba. Ita wutar taransifoma hawa da sauka take yi, mita matsakaicinta ta nuna maka, kafasita kuwa ƙololuwar take kamawa. Ninka 15 da 1.4, ka cire ɗan abin da dayod suka ci, ga 20 ɗinka. Yanzu auna can bakin fita, ja da baƙi.

Tanko: Sifili. Wayyo! Wannan mai ƙafa ukun ya ƙona ni!

Oga: Wa ya aike ka? LM317 ke nan, shi ke daidaita wutar da za ta shiga batir. Tunda ya yi zafi haka kuma gabansa sifili, wani abu ne ya haɗe ja da baƙi, shi yana turawa ana zubarwa. Zare filogi. A'a, ajiye sukundireban nan! Kafasita tana riƙe wuta ko an zare, da ƙwan fitila ake sauke ta. Yauwa. To Alhaji, ina fis ɗin cajar nan?

Alhaji: Ga shi nan a wurinsa.

Oga: Wannan wayar tagulla ce, an murɗa ta sau uku.

Alhaji: Ikon Allah! Kamfanonin yanzu ba su da tsoron Allah.

Oga: Tanko, ɗaga ƙafa ɗaya ta dayod ɗin nan na bakin fita, ka auna. Lafiyayye zai nuna wajen 0.6 ta gefe ɗaya, in ka juya ya ƙi.

Tanko: Sifili. Na juya, sifili. Oga, wannan ba ya hana kowa wucewa.

Oga: Ya narke. Mai gadi ne shi. Ranar da wani ya maƙala ja a wurin baƙi, sai ya buɗe hanya da gangan, wuta ta yi yawa, fis ya tsinke, sauran kayan cikin caja su tsira. Fis na farko ya yi aikinsa. Sai wani bawan Allah ya sa tagulla, ya sake maƙalawa a juye. Tagulla ta ƙi tsinkewa, mai gadi ya mutu a bakin aiki. Duba yadda wurin ya yi baƙi.

Alhaji: Yaran gida ne. Ko ɓera.

Tanko: Ɓera mai filaya.

Oga: Rufe mana baki, miƙo dalma. (Ya canza dayod, ya sa sabon fis.) Jona. Nawa?

Tanko: 13.8!

Oga: Daidai ke nan ga batir mai volt 12. In ya cika ya huta, zai zauna wajen 12.6, ɗaki shida ne a cikinsa, kowanne 2.1. Alhaji, ja a kan alamar tarawa, baƙi a kan ta cirewa. In fis ya sake tsinkewa, a sa mai lamba irin tasa, kuma a fara tambayar abin da ya tsinka shi.

Alhaji: Zan ja wa yaran kunne sosai. Allah Ya yi albarka. (Ya kai bakin ƙofa, ya juyo.) Af, Tanko, ɗan miƙo min wayar nan da kuka cire.

Oga: Ta kamfanin?

Alhaji: Daga jikin fankar Hajiya na yanko ta, kuma har yanzu ba ta sani ba.