Takin gida ga masu fita aiki: ƙasar zafi daban, ƙasar sanyi daban

Yawancin shawarwarin da ake yaɗawa a intanet kan haɗa taki a gida, mutanen ƙasashen sanyi ne suka rubuta su, kuma daga ji ka san masu lokaci ne. Za a ce maka ka auna zafin tulin, ka juya shi bayan kwana bibbiyu, ka yayyanka kowane ɓawo kafin ka zuba. To gidan da miji da mata ke fita tun sassafe, su dawo bayan magariba ga yara ga girki, yaushe wani zai ɗauki shebur? Na taso a ƙasar da rana ke ƙona ganye kafin azahar, yanzu ina zaune a arewacin Turai inda ake yin mako guda cikin hadari da yayyafi. Ra'ayina shi ne gidan ma'aikata ya haƙura da takin gaggawa, kuma kafin ya kwaikwayi kowa ya fara duba yanayin inda yake.

Hanyar gaggawar gaskiya ce, tana aiki. Albert Howard, Bature masanin noma da ya yi aiki a Indore ta ƙasar Indiya, ya tsara yadda ake jera shara hawa-hawa ana juyawa, ya wallafa a 1931. Daga baya masana a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka nuna cewa taki na iya nuna cikin mako biyu zuwa uku in ana juya shi kusan kullum. Sharuɗɗan ne ke da yawa. Tulin ya kai kamar mita ɗaya ta kowace fuska, a kuma tara shi lokaci guda. Sinadarin kabon, wanda ya fi yawa a busassun abubuwa, ya ninka naitrojin, wanda ya fi yawa a ɗanyun ganye da ɓawo, wajen sau 30. Zafin cikinsa ya kai digiri 55 zuwa 65, wanda shi ke kashe irin ciyawa da ƙwayoyin cuta. Alhali ɓawon albasa da na ayaba da ganyen shayin da gida ɗaya ke fitarwa a yini ko ƙaramin bokiti ba sa cikawa. A ina za a samo mita guda a tashi ɗaya?

Abin da ya dace da irin wannan gida shi ne takin da ake barinsa ya ruɓe a hankali. Kullum ka juye ɗan bokitin kicin, ka bi shi da ninkinsa biyu na busasshen abu: ganyen bishiya, yagaggen kwali, ɗiɗɗigar katako. Nama, kifi, mai, madara da dafaffen abinci ba sa shiga, don su ke gayyato ɓera da ƙuda. Kashin kare da na kyanwa ma haka, saboda cuta. Bayan wata shida zuwa shekara, ƙasan tulin ya zama baƙi, mai laushi, yana ƙamshin ƙasar da ta sha ruwan farko. Aikin bai wuce na minti biyu a rana ba.

Har nan dai duniya ɗaya ce. Inda hanya ta rabu shi ne wajen danshi. Ƙananan halittun da ke ruɓar da shara suna bukatar ruwa da iska a lokaci guda, kuma gwajin mai sauƙi ne: ka damƙi taki ka matse, tafinka ya jiƙe amma abin da zai ɗiga kada ya wuce ɗigo ɗaya ko biyu. A ƙasar zafi, in rani ya shigo, tulin da aka bari a fili yakan bushe ƙayau. Ka dawo bayan wata uku ka tarar da ɓawon lemo yadda ka jefa shi, sai dai ya ƙanƙance ya yi tauri. Don haka a can rami ya fi, a inuwa, a rufe shi da tsohon buhu, a riƙa juye masa ruwan da aka wanke ganye da shi. Gara ma in ta shiga ba abin tashin hankali ba ne, tana daga cikin masu cinye busasshen kara, sai dai a nesanta ramin da bango da duk wani katakon gini.

A nan kuwa wanda ya haƙa rami ya haƙa wa kansa kududdufi. Ruwa zai cika shi, iska ta ƙare, sai ka ɗaga murfi ka ga abu ya yi yauƙi, wari mai tsami ya buge ka, ƙananan ƙudaje su tashi. Shi ya sa mutanen nan suke amfani da mazubin roba mai murfi da ke zaune a kan ƙasa, a inda rana ke ɗan taɓawa, kuma kwali ya fi ruwa daraja a wurinsu. In hunturu ya kankama aikin ruɓewa yakan kusan tsayawa, tulin ya yi ta tsawo kamar ba abin da ke faruwa, sai ɗumi ya dawo ka ga ya zauna ya koma rabi. Kiwon tana a akwati don ta mayar da shara taki, da ake ta yabo, shi ma na masu matsakaicin yanayi ne: jar tanar taki ta fi walwala tsakanin digiri 15 da 25, zafin da ya haura 35 kuwa yana kashe ta. Ina jin takaici in na ga ana tallata wa mutumin ƙasar zafi wannan akwati ba tare da an faɗa masa haka ba.

Shi kansa lambun, abin da yake ci na lokacinka ya bambanta. A can ban ruwa ne ke ɗaure mutum, safe da yamma, kuma rana na faɗuwa kusan lokaci ɗaya duk shekara, saboda haka ma'aikaci ba shi da damar lambu sai da asuba. Maganinsa shi ne a lulluɓe gindin shuka da busasshiyar ciyawa ko takin da bai gama nuna ba, ƙasa ta daɗe da laima. A nan sama ce ke ban ruwa, kuma a tsakiyar bazara har ƙarfe tara na dare da sauran haske, ka taso aiki ka ci abinci ka fito cire ciyawa. Amma irin lulluɓin da ke ceton shuka a can, a nan maɓoyar dodon koɗi ce, ka dasa latas da yamma ka wayi gari sai jijiya. Ga kuma kusan rabin shekara da ba abin da ke girma.

Wasu maƙwabta a nan kan ce me ya kai su wannan wahala tunda hukuma na kwashe sharar abinci daban. Suna da hujja. Jamus ta wajabta raba irin wannan shara tun 2015, Faransa ta bi sahu a farkon 2024. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce an zubar da abinci sama da tan biliyan ɗaya a 2022, kashi 60 cikin 100 daga gidaje, kuma in ya ruɓe a bola babu iska, iskar methane yake fitarwa mai ɗumama duniya. Wanda ba ya shuka komai, ni ma na ce ya miƙa wa motar shara ya huta. Mai shuka ne ban gane masa ba, da zai ba da ɓawonsa kyauta sannan ya je ya sayo taki a buhu.

Game da girman lambu kuwa, ko a ina kake, komi ɗaya ko biyu sun isa, ko ma 'yan tukwane, a wurin da ke samun rana ta awa shida kuma kusa da ƙofar da kake bi kullum. Lambun da sai an zagaya ƙarshen fili kafin a gan shi, ranar hutu kaɗai ake tunawa da shi, tumatir kuwa ba ya jiran Asabar.