Ba alewa ce ta jawo wa yaronka ciwon suga ba

'Yan uwana matasa masu ƙananan yara a nan Kano, akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Da zarar an ce yaro yana da ciwon suga, sai a hau uwarsa da faɗa, wai ita ta sangarta shi da alewa da lemon kwalba. Wasu kuma su ce sammu ne. Don Allah mu daina.

Wanda ya fi kama yara, nau'i na ɗaya, daban yake da na dattawa. Garkuwar jikin yaron ce, wadda aikinta yaƙar cuta, take rikicewa ta afka wa ƙwayoyin da ke samar da insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, a wata gaɓa da ke bayan tumbi. A hankali take cinye su, wani lokaci har shekaru, yaro yana wasansa ba wanda ya sani. Gado yana da hannu, masana kuma suna zargin wasu ƙwayoyin bairos, amma yawancin yaran nan ba su da mai irin ciwon a gidansu.

Rigakafi fa? Har yau babu. A 2022 Amurka ta amince da wani magani, teplizumab, wanda ke jinkirta bayyanar ciwon da kimanin shekara 2 ga waɗanda gwaji ya nuna ya kusa kama su. Jinkirtawa kawai yake yi. To ina ga mai lasifika a bakin kasuwa da ke rantsuwa cewa garin maganinsa yana warkarwa?

Abin da ke hannunmu shi ne ganewa da wuri. Yaro yana ta shan ruwa ƙishirwa ba ta yankewa, yana yawan fitsari, ya dawo fitsarin kwance bayan ya daina, yana ci amma yana ramewa, kiyashi na taruwa inda ya yi fitsari. Sai mu ce maleriya ce ko taifot, mu ruga kemis a haɗo mana magani. Kwana biyu sai amai da ciwon ciki da numfashi sama-sama, a kai shi asibiti a sume. Alhali ɗigon jini ɗaya daga yatsa ya isa a ga yawan sugan nan take. Asibitin yara na Hasiya Bayero yana nan, na Malam Aminu Kano yana nan. Ku buɗe baki ku ce a gwada suga.

In an tabbatar, insulin ce abokiyar rayuwarsa. Kafin 1922, lokacin da aka fara yi wa mutum allurarta a Toronto, irin waɗannan yara ba sa daɗewa. Kada wani ya ce ku ajiye allura ku koma zogale ko shuwaka, ko da kun ga yaron ya murmure, allurar ce ta murmurar da shi. In babu wuta, ku sa kwalbar a leda ku ɗaure, ku ajiye ta a sanyin randa, nesa da rana. Ku kuma sanar da malamansa na boko da na Islamiyya, su san in ya fara gumi da karkarwa sugan ne ya faɗi, a ba shi abu mai zaƙi nan da nan.