Ranar da Aka Sanar da Nauyina a Oba-oba

Waɗanda ke zauren iyali na WhatsApp sun riga sun ga bidiyon da aka ɗauke ni a kan sikeli a wurin hutu, don haka babu sauran ɓoye-ɓoye. So nake dai a ji ta bakina, tunda Dogo, ƙanin matata, ya yanke farko, ya yanke ƙarshe, ya bar muku wurin da ya fi yi masa daɗi.

Kun san wata uku na yi ina fama da tumbin nan. Daga kilo 96 na sauko 90 cif, kuma babu wani siddabaru a ciki. Jikina na buƙatar kalori wajen 2,500 a rana in zai tsaya inda yake, ni kuma nake ba shi 2,000. Giɓin 500 a rana, 3,500 a mako, kusan rabin kilo ke nan, tunda kilo ɗaya na kitse yana ɗauke da kalori kamar 7,700. Mako 12, kusan kilo 6. Ana cikin haka sai ga hutun kwana takwas a bakin teku, ni da Maman Auta da yara da ƙaninta Dogo, wanda har yau ban san wanda ya gayyace shi ba. Na cusa sikelin banɗaki a akwati, na fitar da takalmin fita unguwa don kada kaya su haura kilo 23. Maman Auta ta tsaya tana kallona, ta ce, "Baban Auta, hutu za mu ko asibiti?"

Shirina mai kyau ne, wannan ko maƙiyi zai shaida. Ba zan nemi rage ko giram ɗaya a kwana takwas ɗin ba, in dai na dawo da 90 ɗina na ci riba. Faranti ɗaya a kowane zama: rabi ganye da kayan lambu, kwata nama ko kifi ko ƙwai, kwata shinkafa ko dankali. Abin zaƙi sau ɗaya a rana. Ruwa kawai, ban da lemo. Matakala maimakon lifta.

Washegarin saukarmu da asuba na aje sikeli a gefen gado na hau. 87.4. Na sauka na sake hawa. 87.4. Mai hankali zai tsaya ya tambayi kansa yadda mutum zai zubar da kilo biyu da rabi a zaune cikin jirgi yana cin biskit. Ni kuwa hoto na ɗauka na tura zaure, har da rubuta "iskar teku magani ce". Kawu ya sa mini hannu mai tafi. Anti ta ce in turo mata sirrin.

Sirrin kafet ne. Ɗakin gaba ɗaya shimfiɗe yake da kafet mai kauri, irin wanda ƙafa ke nutsewa. Sikeli mai lamba ƙafafu huɗu gare shi, kuma a kan ƙafafun nan na'urar auna nauyi take. In ka ɗora shi kan abu mai laushi sai ƙafafun su nutse, cikin sikelin ya kwanta a kan kafet, kafet ya ɗauke wani ɓangare na nauyinka bai kai ga na'urar ba. Shi ya sa takardar da ke zuwa da shi take cewa a aje shi a ƙasa mai tauri, shimfiɗaɗɗiya. Na san wannan. Ni ne ma na taɓa yi wa Kawu bayaninsa. Amma lambar ta yi mini daɗi, kuma banɗakin mai tayil taku shida ne daga gadon, ban yi takun ba.

Daga ranar sai na ɗauka ina da rarar kilo biyu da rabi a asusu, na shiga ci daga ciki. Karin kumallon otal ɗin irin na ɗebi-da-kanka ne, an ba kura ajiyar nama. Daga baya na zauna na lissafa abin da nake ci kowace safiya. Burodin nan mai man shanu, mai lanƙwasa kamar jinjirin wata, guda biyu, kowanne kusan 250, 500 ke nan. Wainar ƙwai uku: ƙwan kansu wajen 225, amma mai suyar yana tsiyaya mai da hannu sake, kuma babban cokali ɗaya na mai 120 ne, ya zama 345. Ruwan lemo kofi biyu, 220, wanda nake ce wa kaina ai 'ya'yan itace ne, alhali an matse an yar da dusar da ke sa ƙoshi an bar mini sukarin. Shayi da madara da sukari, 80. Jimla 1,145 kafin ƙarfe tara, fiye da rabin abin da nake ci a yini guda a gida. Da rana gwangwanin lemo ɗaya, wani lokaci biyu, kowanne da sukari giram 35, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi kada babba ya wuce kamar giram 50 a rana. Da dare kuma faranti ɗayan nan nawa ya haifi ƙani.

Ina kwantar wa kaina da hankali da cewa ai muna yawo. Muna yi kam. Amma mai nauyina in ya taka kilomita 5, abin da zai ƙone bai wuce kalori 350 ba, burodi ɗaya da rabi ke nan. Kafin in gama ɗaure igiyar takalmi na riga na ci tafiyar.

Kowace asuba kafet na ce mini 88, 88 da ɗoriya, 89. Ina ganin tana hawa, amma tunda ba ta kai 90 ba sai in ce da sauran fili.

Rana ta shida yara suka matsa sai mun je wajen wayar zamiya, wadda ake ɗaura wa mutum ɗamara a rataye shi, ya zame daga wannan tudu zuwa wancan. Bayan abincin rana muka je. Aka ba mu takarda mu cike, akwai gurbin nauyi. Na rubuta 87 da babban baƙi, har na karkata takardar yadda Dogo zai gani. Ban san cewa a saman dandamalin akwai sikelinsu ba, na ƙarfe, faffaɗa kamar na awon buhu, a kan siminti. Kuma suna da hujja: mai nauyi ya fi gudu a kan waya, mara nauyi kan maƙale kafin ya kai, don haka wanda ke tarar mutane a can ƙarshe yana buƙatar sanin abin da ke tafe.

Layi ne na mutum kusan ashirin. Auta ta hau, yaron da ke aikin ya faɗi lambarta a oba-oba, aka wuce. Dogo ya hau, 68, ya sauko yana wani gyara kafaɗa. Na hau, da takalmi, da hular kwano, da gorar ruwa a aljihu.

Yaron ya dubi sikeli. Ya dubi takarda. Ya sake duban sikeli. Sannan ya ɗago ya dube ni, irin kallon da malami ke yi wa ɗalibin da ya kama da satar amsa amma yake tausaya masa. Ya ce in ɗan sauka. Na sauka. Ya danna wani maɓalli sikelin ya koma sifili, ya ce in sake hawa. A lokacin har na fara murna, na ce to ga shi ya gane na'urarsu ce ta lalace. Na hau a hankali, na fitar da numfashi gaba ɗaya, kamar iska ce matsalar. Na ɗan ɗage dunduniya. Ya ce in tsaya sosai.

Sai ya kai oba-oba bakinsa ya ce, "94.6."

Can ɓangaren aka yi ƙara, ba a ji ba. Ya maimaita da ƙarfi. Na can ya ce shi a jerin da aka ba shi 87 ya gani, ko wani mutum ne daban? Yaron ya ce a'a, shi ne dai, mai shuɗiyar riga. Na can ya ce a sake faɗa masa. Yaron ya rarraba masa ita ɗaya bayan ɗaya, tara, huɗu, ɗigo, shida, kamar mai karanta lambar waya ga kurma. Kuma ku sani ba su biyu kaɗai ke kan layin ba. Mai sayar da tikiti a ƙasa yana da oba-oba, mai raba hular kwano yana da ita, don haka na ji nauyina yana tashi daga wurare uku a lokaci guda, har da amsa-kuwwa daga cikin kwari. Sannan ya juya ya ƙwala wa abokin aikinsa kira, ya ce a kawo babbar ɗamara, wannan ba za ta zagaya ba.

Na ce, "Takalmin nan yana da nauyi." Ba wanda ya tambaye ni. Na ce, "Ga kuma ruwa." Na zaro gorar na ɗaga sama, rabin lita ce, kuma na sha rabi. Auta ta ja mini riga ta ce da ƙarfi, "Baba, ba ka ce 87 ba ne?" Maman Auta ta juya baya tana kallon teku, kafaɗunta na rawa. Dogo kuwa wayarsa na sama tun daga hawa na biyu, yana cewa, "Yaya, ɗan juyo nan, iskar teku magani ce."

Akwai wata tsohuwa a bayana a layi, 'yar firit, da faffaɗar hula. Ita ce ta fi tsaya mini a rai. Ba ta yi dariya ba, da ta yi ma da sauƙi. Matsowa ta yi ta ɗan bubbuga mini hannu sau biyu, ta gyaɗa kai, irin na ta'aziyya. Na gane ta. Kullum tana teburin kusa da mu da safe, kuma kullum ina ganin ta da kek a faranti, har na taɓa ce wa Maman Auta wasu dai Allah ya ba su jiki. Sauran kwana biyun na sa mata ido kamar ɗan sanda. Ƙaramin faranti take ɗauka. Ƙwai dafaffe biyu, tumatir, kankana, sai kek yanka ɗaya da take ci da ƙaramin cokali na tsawon minti ashirin tana karanta littafi. Ba ta komawa. Ni a minti ashirin ɗin nan, wanda kusan shi ne lokacin da ciki ke ɗauka kafin ya sanar da ƙwaƙwalwa an ƙoshi, na je na dawo sau biyu. Har yanzu ban yafe mata bubbugawar nan ba.

Shi ma Dogo da kuke cewa yana ci kamar gara ba ya ƙiba, na gano shi. Cika faranti yake yi don a gani, ya ci naman, ya ture rabin shinkafar. Lemo bai dame shi ba. Abincin rana sau da yawa mantawa yake yi saboda surutu, kuma ba ya iya zama minti biyar wuri ɗaya. Wato ko a cin abinci ma yaron nan ba shi da gaskiya. Kuma har yau bai dawo mini da cajata ba.

Na dai zame a wayar. Da gudu kuwa. Na can ya tare ni da hannu biyu, ya ce, "Kai ne 94?"

Da asubar washegari na ɗauki sikeli na yi taku shidan nan. A kan tayil, bayan na zaga, kafin in ci komai, ba kaya: 92.3. Wato kilo 2.3 na abin da aka yi shela da shi tufafi ne da takalmi da hular kwano da abincin rana da ke ciki. Saura 2.3 a kan 90 ɗina, kuma a nan lissafi ya ɗan share mini hawaye. Kafin mutum ya tara kitse kilo 2.3 sai ya ci rarar kalori wajen 17,700, kusan 3,000 kowace rana a kan 2,500 ɗin da jiki ke ƙonewa. Na yi ɓarna amma ban kai nan ba. Abin da nake ci bai wuce 3,400 zuwa 3,500 ba, rarar kamar 1,000 a rana, kwana shida 6,000, kitse ƙasa da kilo ɗaya. Ragowar ruwa ne. Jiki na adana sitaci a hanta da tsoka, abin da ake kira gilaikojin, giram 400 zuwa 500 in rumbun ya cika, kuma kowane giram yana riƙe ruwa kamar giram 3. Wanda ya daɗe yana rage ci rumbunsa ba a cike yake ba, don haka kwana biyu na burodi da shinkafa sun isa su ɗora masa kilo guda ba tare da kitse ko ɗigo ba. Ga gishiri: ƙa'idar ita ce ƙasa da giram 5 a rana, ƙaramin cokali ɗaya, abincin otal kuwa miya ɗaya na iya cinye rabin wannan, kuma gishiri ruwa yake jawowa. Ga zaman jirgi da ke kumbura ƙafa. Ga cikin da ke ɗaurewa in an canza wuri da lokacin barci.

Na rubuta duk wannan na tura zaure, sakin layi huɗu, da lambobi. Mutum biyu suka karanta. Bidiyon Dogo kuwa har Anti ta tura wa ƙawayenta.

Kwana biyun ƙarshe na koma kan shirina na farko, da ƙaramin faranti irin na tsohuwar, ko da yake na zauna inda ba za ta gan ni ba. Ban yi wautar ƙin cin abinci don ramuwa ba, don na san inda take ƙarewa: ka ƙi karin kumallo, ka ƙi na rana, dare ya yi ka cinye na mutum uku. Ƙwai biyu da safe, ruwa kofi ɗaya kafin kowane abinci, miya a gefe, abin zaƙi ɗaya da na zaɓa tun kafin in ɗauki faranti.

Mako guda da dawowarmu ruwan ya sauka, sikeli ya tsaya a 90.8. Giram 800 ɗin nan nawa ne halak malak, kusan kwana 12 na aiki. Na tura hoton, wannan karon da tayil ɗin a fili yadda kowa zai gani. Kawu ya tambaya ko kafet ne a ƙarƙashin tayil ɗin. Dogo ya canza sunana a wayarsa zuwa "Yaya 94.6", Maman Auta ce ta nuna mini. Cajar dai fara ce, mai doguwar igiya, duk wanda ya je gidansa ya duba mini.