Zumunta a ƙafa take, ba a littafin ma'aji ba

Wata Lahadi bayan an tashi daga Mas, wato babbar sujadarmu ta Katolika, na tsaya a bakin ɗakin taro ina jiran ƙanwata da ke cikin zumuntar mata. Ƙofa a buɗe take, ina jin komai. Addu'ar buɗewa ba ta kai minti uku ba sakatariya ta jawo littafi ta fara kiran sunaye: wance ba ta biya kuɗin wata ba, wance ana bin ta tarar makara, wance ba ta kawo kason da aka yanka mata na ginin dayosis ba, wato yankin coci-cocin da bishop ɗaya ke kula da su. Kafin a kai tsakiyar jerin, wata dattijuwa da mijinta bai daɗe da rasuwa ba ta ɗauki jakarta a hankali ta fice ta ƙofar gefe. Ba wadda ta bi bayanta. Har yau ba ta fashin Mas, amma ba ta sake taka ɗakin nan ba.

Taron zumuntar maza ma haka yake, sai dai su ba su da yawa, kuma muhawarar ta fi zafi. Abin da ke damuna shi ne yadda ƙungiyoyin da aka kafa domin su kai Ikilisiya ƙofar gidan mara lafiya da maraya suke rikiɗewa a hankali su zama hanyar karɓar kuɗi. Ina ganin laifin a wuri biyu yake: akwai na sama da ke aiko da kaso, akwai kuma na cikin gida da ya hau kujerar shugabanci ya ƙi sauka.

Da yawa daga cikinmu mun ɗauka zumunta alfarma ce da fada, wato limamin coci, ko bishop ya yi mana. Kundin dokokin Ikilisiya na 1983 bai ce haka ba. Doka ta 215 ta ba kowane mai bi 'yancin kafa ƙungiya da tafiyar da ita domin aikin jinƙai, ko ibada, ko ƙarfafa rayuwar Kirista a cikin duniya. Tushen wannan 'yanci baftisma ce. Majalisar Vatikan ta Biyu, babban taron bishop-bishop na duniya da ya zauna daga 1962 zuwa 1965, ta fitar da takarda guda sukutum kan aikin masu bi waɗanda ba limamai ba, wato Apostolicam Actuositatem, ranar 18 ga Nuwamban 1965. A 1988 Fafaroma John Paul na Biyu ya zayyana ma'auni biyar da za a gane ƙungiya ta Ikilisiya da su, a takardarsa Christifideles Laici: neman tsarki, shaidar bangaskiya, haɗin kai da Fafaroma da bishop, shiga aikin bishara, da tsayawa a cikin al'umma domin kare mutuncin ɗan Adam. Tara kuɗi ba ya cikin biyar ɗin.

Tarihin manyan ƙungiyoyin ma abin da yake nunawa ke nan. A 1833, a Paris, Frédéric Ozanam yana ɗalibi ɗan shekara 20 shi da abokansa suka fara abin da ya zama ƙungiyar Vincent de Paul, kuma aikinsu na farko shi ne hawa benen talakawa da itacen ɗumama ɗaki a hannu, Sista Rosalie Rendu na nuna musu gidajen. A 1882, a New Haven ta Amurka, Fada Michael McGivney ya kafa Knights of Columbus saboda ya ga yadda gida ke watsewa idan mai ciyar da shi ya mutu, ya so a sami asusun da zai tallafi gwauruwa da 'ya'yanta. Asusun na matar da ta rasa miji ne. Dattijuwar da na gani tana fita, a irin wannan tsari ita ce za a nema, a wajenmu kuwa ita ake bi bashi.

Amma wadda ta fi burge ni ita ce Rundunar Maryamu, wadda aka fi sani da Legion of Mary. Frank Duff, ma'aikacin gwamnati, da wasu mata ne suka fara ta a Dublin ranar 7 ga Satumban 1921, suka soma da duba marasa lafiya a asibitin talakawa. Duk wanda ya taɓa zama a taronsu ya san fasalinsa. Ƙaramin tebur da farin ƙyalle, siffar Maryamu a tsakiya, kyandir biyu, furanni. Ana yin addu'ar rosari, sannan kowa ya ba da rahoton aikin da aka tura shi a makon jiya: gidan wa ka je, me ka tarar, yaushe za ka koma. Ana tura mutane bibbiyu, kuma ana sa ran kowa ya yi aikin awa biyu a mako. Sai maganar kuɗi: jaka ce ake miƙawa a ɓoye daga hannu zuwa hannu, kowa ya zura hannunsa a dunƙule, mai abu ya saki, marar abu ya zaro hannunsa, ba wanda ya san abin da wani ya sa. Wanda ya tsara wannan jaka ya san kunyar talaka. Ya gane cewa ranar da aka fara karanta sunan mai bashi a bainar jama'a, ranar ce ƙungiya za ta fara zama ta masu hali kawai.

Na san abin da za a ce mini, kuma ba maganar banza ba ce. Dayosis na da makarantar horar da limamai, da asibiti, da tsofaffin fadoji da za a kula da su, kuma kuɗi ba ya faɗowa daga sama. Doka ta 222 ma ta ɗora wa masu bi nauyin taimaka wa buƙatun Ikilisiya. Gaskiya ne, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai dai wannan dokar ba ta tsaya nan ba, sashenta na biyu ya ce su taimaki matalauta daga abin hannunsu. Doka ta 1263 kuma, wadda ta ba bishop damar sa haraji, ta gindaya masa sharaɗi: ya zama matsakaici, kuma sai ya saurari majalisar kuɗi ta dayosis da majalisar limamai. Idan bishop kansa an yi masa iyaka, ban ga dalilin da wani kwamiti zai zauna ya yanka wa kowace zumunta kaso, shugabannin zumunta su raba shi kan kawunan mutane, har ya sauka a kan matar da ba ta san abin da za ta ba 'ya'yanta da dare ba. Akwai baiko, akwai tarin musamman da ake sanarwa a gaban kowa, mai so ya bayar. A bi ta nan. An fi son bi ta zumunta ne saboda mutanenta suna da suna a rubuce, kuma suna jin nauyin a ce sun gaza.

Ɗaya ɓangaren ya fi wuyar faɗa, domin na cikin gida ne. Akwai shugabannin zumunta da suka shekara goma sha a kujera, zaɓe ya zama tafi, ma'aji kuma ba ya karanta lissafi sai an yi rigima. Wannan ciwo bai tsaya a ƙananan ƙungiyoyi ba. A watan Yunin 2021 ma'aikatar Vatikan mai kula da masu bi da iyali da rayuwa ta fitar da doka ga ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa da ke ƙarƙashinta: wa'adi ɗaya kada ya wuce shekara 5, kuma mutum ɗaya kada ya zarce shekara 10 a jere a majalisar shugabanci, sannan kowane cikakken ɗan ƙungiya ya sami hannu a zaɓe. A Satumban shekarar Fafaroma Francis ya tara shugabannin ƙungiyoyin ya ja musu kunne kan kwaɗayin mulki. Dokar ba ta hau kan zumuntar dayosis kai tsaye ba, amma ba abin da ya hana a kwafe ta cikin tsarin mulkin kowace zumunta. Masu cewa za a rasa gogaggu, amsata ita ce gogaggen da ya shekara goma bai horar da magaji ba ya riga ya nuna iyakar gogewarsa.

A nan ne nake son a ga hannun bishop da na fada mai ba ƙungiya shawara. Doka ta raba ƙungiyoyi gida biyu. Wadda hukumar Ikilisiya ta kafa dole ta ba da lissafin kuɗinta kowace shekara, bisa doka ta 319. Wadda masu bi suka kafa da kansu ita ke juya dukiyarta, amma doka ta 325 ta bar wa hukuma ikon duba ko ana kashe ta a kan abin da aka kafa ƙungiyar dominsa. To, a yi wannan dubawar. Fadan da ke zuwa taro sai ranar da yake da buƙata ya bar aikinsa na gaske, wanda shi ne ya tambaya: a watan nan gida nawa kuka shiga, wa ya daina zuwa, wa ya je ya ji dalili? Akwai kuma doka ta 317 da ta hana masu riƙe da shugabancin jam'iyyar siyasa jagorantar ƙungiyar da hukuma ta kafa domin aikin bishara kai tsaye. Ya kamata a riƙa tunawa da ita duk lokacin da zaɓe ya gabato.

Maganar mata kuwa, kowa ya san su ne ƙashin bayan wannan aiki, su ne a asibiti, su ne a gidan makoki. A Yulin 2022 Fafaroma Francis ya naɗa María Lía Zervino, shugabar haɗaɗɗiyar ƙungiyar matan Katolika ta duniya a lokacin, cikin ma'aikatar da ke tantance waɗanda za a naɗa bishop. Idan Roma ta ga ya dace shugabar zumuntar mata ta zauna a wannan tebur, babu hujjar da za ta hana takwararta zama a majalisar kuɗi ta coci, wadda doka ta 537 ta wajabta kafawa, inda za ta ga yadda ake kashe abin da matanta suka tara, ta kuma iya cewa wannan kason ya fi ƙarfinsu.

Na tambayi ƙanwata daga baya ko an je gidan dattijuwar nan. Ta ce an yi maganar a taro na gaba, an amince a je, amma sai aka tsaya kan ko za a yafe mata bashin ko a bar shi a littafi, har lokaci ya ƙure aka ɗage zuwa wata mai zuwa. Ita da wata ƙawarta ne suka je da kansu ran Laraba, ba da sunan zumunta ba. Sun tarar da ita tana jinyar jikanta.