Na Gyara wa Mai Gabatar da Shiri Kuskuren Shekara, Aka Ce Turai Ta Lalata Ni

Makonni biyu da suka wuce, bayan na taso daga aikin dare a nan Manchester, na ci karo da wani guntun bidiyo a Facebook na wani fitaccen mai gabatar da shirin talabijin na Hausa, mutumin da nake ganin girmansa tun ina gida. A cikin hirar ya faɗa har sau biyu cewa an ƙirƙiro Jihar Gombe a shekarar 1991. Ni kuwa ina ɗan firamare a Tudun Wada ranar 1 ga Oktoba, 1996, lokacin da Janar Sani Abacha ya sanar da cire Gombe daga Jihar Bauchi, tare da ƙirƙiro Zamfara da Nasarawa da wasu jihohi uku, kuma har yau ban manta da yadda ’yan acaɓa suka cika titi da murna ba. Na yi sallama, na ce masa ranka ya daɗe, na rubuta cewa wataƙila Yobe da Jigawa yake nufi, domin su ne na 1991.

Shi bai ce komai ba. Mabiyansa ne suka yi mini ca. Wani ya ce hassada ga mai rabo taki ce, wani ya tambaye ni shiri nawa na taɓa gabatarwa a rayuwata, wani kuma, bayan ya leƙa shafina, ya rubuta cewa mu da muka gudu Turai wankin tsofaffi ba mu da bakin magana a kan Gombe.

Abin da ya ƙara mini ciwo shi ne abin da idona ya saba gani a nan. A ɗakin hutun ma’aikata na gidan kula da tsofaffin da nake aiki akwai talabijin maƙale a bango, a saman butar shayi, wadda ba a kashe ta dare da rana. Da ƙarfe shida na safe, gari bai ma waye ba a lokacin hunturu, mace da namiji za su zauna a doguwar kujera su fara shirin safe, ga taswirar yanayi, ga farashin kaya yana wucewa a ƙasan allo. Na taɓa ganin ɗaya daga cikinsu, mace mai suna a duk faɗin ƙasar, ta dubi kyamara ta ce adadin da ta ambata ɗazu ba daidai ba ne, ga na daidai, kuma tana ba da haƙuri. Maganar ba ta kai rabin minti ba, ta wuce zuwa labarin wasanni, abokan aikina kuma suka ci gaba da shan shayinsu ba tare da wani ya ce girmanta ya zube ba.

Ba halin kirki ne kawai ya sa haka ba, tsari ne. Duk gidan da ke kallon talabijin kai tsaye a Birtaniya yana biyan kuɗin lasisi, wanda ya kai fam 174.50 a shekarar 2025, saboda haka mai kallo yana jin cewa shi ne ya ɗauki mai gabatarwa aiki. Hukumar Ofcom, mai sa ido kan gidajen rediyo da talabijin na ƙasar, tana karɓar ƙorafin kowa, kuma ƙa’idarta ta ce babban kuskure a labarai a amsa shi a gyara shi cikin hanzari. BBC tana da shafi na musamman da take jera gyare-gyarenta. A watan Nuwamba na 2025 shugabanta, Tim Davie, ya yi murabus bayan cece-ku-ce kan yadda aka yanka jawabin Donald Trump a wani shiri. Mu ma a Najeriya muna da hukumar NBC mai sa ido kan gidajen rediyo da talabijin tun 1992, amma mutum nawa ne a Gombe ko Bauchi ya taɓa tunanin kai mata ƙara saboda an faɗi tarihin garinsa ba daidai ba?

Na yarda cewa nasu ma yana wuce gona da iri. Jaridun nan ba su san rufin asiri ba, kuma mutuwar Caroline Flack, wata fitacciyar mai gabatar da shirin talabijin, a shekarar 2020 ta sa su kansu sun yi ta tambayar irin farautar da ake yi wa masu suna. Ba wannan nake nema mana ba. Sai dai ba zan yarda a ce karɓar gyara ɗabi’ar Turawa ce ba. A sallar tarawihi, idan liman ya yi tuntuɓe a aya, yaro ɗan shekara goma sha biyu a sahu na biyu zai gyara masa, liman ya koma ya karanta daidai, gobe kuma kowa ya sake bin sa. A wurinmu aka san cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. To, me ya sa da zarar mutum ya fito a allo ya tara mabiya sai gyara ya koma cin fuska?

Gaskiyar magana, ba shekarar ce ta hana ni barci ba, waccan kalma ce ta cewa ba ni da baki. Shekara tara ke nan ina wannan ƙasa mai sanyi, albashina yana biyan kuɗin makarantar ’ya’yan ƙannena a Jekadafari, ina bin labarin gida fiye da na unguwar da nake kwana, kuma ’yata da aka haifa a nan daga irin waɗannan bidiyoyi take koyon inda ubanta ya fito. Da na kira yayana na gaya masa, shiru ya yi, sannan ya ce in goge abin da na rubuta, domin mutane suna turo masa suna tambaya ko lafiya nake. Ban goge ba. Bidiyon ma yana nan yadda yake, ana ta raba shi, yana cewa 1991.