Fartanyar da ta tsallake katanga

Almakashin yankan reshe ne ya fara tawaye. Na matsa, na girgiza, na buga shi da ƙasa, ya ce atafau ba zai buɗe baki ba. Da na leƙa sauran kayan a kwanar da nake jingine su, sai na tarar duk bakinsu ɗaya: shebur ya yi jajir, haƙoran manjagara sun cushe da busasshiyar laka, safar hannuna ta fata kuwa ta sandare tana tsaye da kanta kamar mai jiran a gaisa. Laka ce muguwar, ita ke riƙe danshi a jikin ƙarfe, danshi ya haɗu da iska, tsatsa ta samu gida. Nan take na yanke hukunci, yau kowa sai ya yi wanka.

Na tsiyaye ruwan khal, wato ruwan tsamin nan da ake kira binega, a bokiti na tsunduma almakashin. Tsaminsa bai wuce kashi 5 cikin 100 ba, amma in ƙarfe ya kwana a ciki, tsatsar kan saki. Haka kuwa aka yi. Da safe na bi shi da soson ƙarfe, ya fito fes, na ɗaga shi sama ina nuna wa maiɗakina.

Ta ce, "Maigida, ka goge shi ka shafa masa mai tun bai sha iska ba."

Na ce mata ƙarfen da ya ga wannan gata ai ba shi da bakin magana. Na ɗauraye shi na ajiye a kan dakali. Kafin yamma ya sake yin ja, ja mai kyau ma, sabo fil. Ashe ƙarfen da tsami ya kankare tsirara yake, in ba a tsane shi an rufa masa asiri da mai ba, cikin sa'o'i yake komawa gidan jiya. Butulci dai na ƙarfe.

Safar hannu ita na fi ji da ita, don haka ita na fi yi wa hidima. Ruwan zafi na dafa mata, na zuba garin sabulu har kumfa ya hau gwiwar hannuna, na cuɗa ta, na murɗe, na shanya a inda rana ta fi ƙwallewa. Masu sanin fata sun ce busasshen burushi ake fara bi da ita, sai tsumma mai ɗan danshi, a bar ta ta bushe a inuwa, a shafa mata man fata. Zafi da sabulu mai ƙarfi janye mata maiƙo suke yi, ta tsuke ta ƙage. Masu sanin fatar nan ba su zo da wuri ba. Da na je ɗaukowa, na tarar yatsun sun nannaɗe ciki, babban yatsan ya juya yana kallon wani wuri daban, gaba ɗayanta ta koma daidai hannun ɗan yaye. Da ƙyar na tura yatsu uku, sauran biyun suka tsaya a waje suna gadi.

To, tunda maganar mai ake ta yi, na ce bari in nuna musu mai. Na samo baƙin man inji na kwarara wa kowa, har da ƙotar fartanya. Ita ƙota man da ke shiga itace ya bushe take so, a shafa kaɗan a goge ragowar. Baƙin mai ba ya bushewa, santsi kawai yake ƙarawa, ga shi ba abin da za a kai kusa da shuka ba ne. Na kuma zauna na wasa bakin fartanyar da magagari, gefe ɗaya, ina turawa gaba kaɗai, kuma wannan kam ko maƙeri ya gani sai ya sara mini.

Sai gwaji. Na cusa hannu a ƙanƙararriyar safar, na kama ƙota mai sulɓi, na ɗaga da ƙarfin mutumin da ke son a shaida aikinsa. Hannuwana suka sauko ƙasa, fartanya ba ta biyo su ba. Na dai ji fiuu a bayan kunnena, sai ƙarar kwanon rufi, sai kukan kaji daga gidan maƙwabcina. Maiɗakina ta koma ɗaki da gudu, wai ta tuna wani abu, amma ina jiyo dariyarta ta taga.

Ba a jima ba aka yi sallama. Dattijon yana riƙe da fartanyar da yatsu biyu, mai na ɗiga a takalminsa.

Ya ce, "Malam, wannan taku ce?"

Na ce tamu ce, Baba, gyara muke ɗan yi.

Ya dubi fartanyar, ya dubi abin da ke manne a hannuna, ya ce, "Madalla. In an zo kan gatari a aiko yaro ya faɗa mini, in shigar da iyali ciki."